Shawara nake nema: in sayar da Camry ɗita in ɗauki C63 AMG?

Na_Hotoro ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa ya tashi lafiya. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa riƙe irin motocin nan masu ƙarfi ko bakanike da hannunsa ya saba da Benz, saboda maganar nan ta tsaya min a rai kuma duk wanda na tuntuɓa a abokaina ko dai yace min saya kawai mutumina duniyar nawa take, ko yace min kai kanka ɗaya kuwa, babu mai zama ya min bayani yadda zan gane.

Yanzu haka Camry Muscle nake hawa, 2009 mai silinda huɗu, ita ce ta kasuwa ita ce ta kai yara makaranta ita ce ta zuwa gaida su Hajiya a ƙauye, kuma tsakani da Allah bata taɓa bani kunya ba. To amma ni tun ina saurayi mota ɗaya ce a raina, Benz C63 AMG, tsohuwar nan W204 mai injin V8 6.2 wanda babu turbo a jikinsa. Sabuwar da suka fito da ita daga baya mai silinda huɗu da batir bata gabana ko kaɗan. Shine kwanakin nan wani dila a nan Kano ya sauke guda ɗaya, 2012, baƙa, ƙofa huɗu, yace Beljiyam ce daga Amurka ko lamba ba a taɓa yi mata ba. Naje na ganta da idona. Da ya ɗaga bonet akwai ɗan farantin ƙarfen nan a saman injin da sa hannun mutumin da ya haɗa shi a Jamus, da ya tada ta kuwa wallahi har cikin ƙirjina naji ƙarar, yaran da ke wankin mota a wajen duk suka ajiye bokiti suka zo suka kewaye ta.

Inda gizo ke saƙar shine kuɗin da ya yanka, sai na sayar da Camry na haɗa da kusan duk abin da na ware a gefe kafin ya kai. Ba bashi zan ci ba kuma bazan taɓa jarin shago ba, gidan da nake ciki ma Alhamdulillah nawa ne, don haka dan Allah kar a ce min in sayi fili, wannan shawarar na ji ta. Amma in na saya to ita kaɗai zata zama motar gidan. Maiɗakina bata hana ba, abin da kawai ta tambaya shine zata ɗauke mu da yara biyu da kaya in za a je ƙauye, nace mata ai ƙofa huɗu ce.

Abin da nake so a faɗa min tsakani da Allah, man gidajen manmu zai yi mata? gyaranta fa, akwai masu iyawa a Kano ko sai an kai Abuja? hanyoyinmu zasu barta ta yi ƙarko? Sannan wani yace min gara Mustang GT wai ta fi haƙuri, shin haka ne? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Bakaniken_Benz ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Na Hotoro ni sana'ata kenan, Benz nake gyarawa a Abuja kuma injin nan M156 na sha buɗe shi, don haka abin da hannuna ya taɓa zan gaya maka.

Injin kam ba a magana, yana cikin mafi daɗin injin da AMG, sashen Benz mai haɗa motoci masu ƙarfi, suka taɓa yi, a gefen motar an rubuta 6.3 amma ainihinsa 6.2 ne, ƙarfin doki 451, daga tsaye zuwa gudun 100 cikin daƙiƙa 4.5. Camry ɗinka doki 158 ce. Kaga kusan ninki uku kenan kuma duk a tayoyin baya yake sauka. Ban ga laifinka ba da ka so ta, ni kaina in aka kawo min ita gareji ranar da farin ciki nake aiki.

To amma mu zo kan mai. In ka buɗe murfin tankin 'yar Amurka zaka ga sun rubuta 91, wato lambar ƙarfin fetur (oktan) da take buƙata, mutane sai su ce ai namu ma wajen 91 ne shikenan an dace. Ba haka bane, awon Amurka daban yake da wanda mu da Turai muke amfani dashi, 91 ɗinsu wajen 95 ne a namu, 'yar Turai ma 98 ake so a zuba mata, saboda injin yana matse mai sosai, 11.3 ne matsinsa. Mu kuma ka shiga gidan mai famfon fetur iri ɗaya ne, da ɗan adaidaita da mai AMG layi ɗaya kuke bi. Motar zata tashi zata yi tafiya, akwai sensa da ke jin inji ya fara ƙwanƙwasa sai kwamfutar ta rage masa wuta, wato dawakin da ka biya kuɗinsu wasu sun kwanta kenan. Amma a zafin watan Afrilu na Kano da ake haura 40, ga AC a kunne ka zo kana taka ta har ƙasa da wannan man, kana cin ran injin ne a hankali. Shi yasa masu ita suke zuba maganin ƙara ƙarfin fetur duk cikon tanki, shi ma kuɗi ne kuma jabunsa ya fi na gasken yawa a kasuwa.

Shan man kuma, tankinta lita 66 ne, a takarda cikin gari wajen kilomita 5 da rabi take yi a lita, a doguwar hanya wajen 8. Wannan a titin Amurka kenan. Ka saka ta a gosulon Kantin Kwari ko na Ƙofar Wambai da yamma zaka ga allurar tana sauka kana kallo. Ka tuna lita bata kai 200 ba kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Juye kuma sama da lita 8 na baƙin mai take sha, ninki biyu na Camry, kuma ba kowanne ba, sai sintetik mai lambar amincewar Mercedes 229.5 a jikin galan, irin 0W-40 ko 5W-40. Filtar iska biyu ce, da ƙurar hunturu ba sa daɗewa.

Ciwon da aka san injin dashi guda uku ne. Na farko kusoshin hed, na shekarun farko zuwa wajen 2010 suna tsatsa kan ya ɓalle ruwa ya shiga silinda, in aka yi rashin sa'a inji ya tafi gaba ɗaya. Ta 2012 ya kamata ace da sababbin kusoshi ta zo, amma da lambar injin ake tabbatarwa ba da shekarar mota ba, don ana canza inji. Na biyu kamshaf da tafet suna cinye juna, zaka ji tak-tak-tak a saman inji da safe. Na uku manifol yana tsufa ya fara shan iska. Duk ana gyarawa, kuɗi ne dai da dala.

Amma abin da ya fi kawo min motocin nan gareji ma ba inji bane, taya ne da rim da bamba. Tayar baya 255/35 ce a rim 18, gefen tayar bai kai santimita 9 ba, ta Camry ɗinka kusan 13 ce. Ramin da Muscle zata faɗa ka ce subhanallah ka wuce, ita wannan taya zata yi ƙulu ko rim ya tsage. Ta gaba da ta baya ba girma ɗaya bane balle ka juya su, ta bayan kuma saurin cinyewa gareta ko baka wasa da ita. Ga tudun rage gudu da ake zubawa a unguwanni kowa da tsayin da ya ga dama, sai ka riƙa hawa a karkace kana jin ƙasanta na gurza, in damina ta sauka ruwa ya kwanta a titi kuma sai dai ka ajiye ta.

Kayan bodi da na cikin gida zaka iya samu a Ƙofar Ruwa tunda da yawa ɗaya ne da na C300, amma kayan inji da birki na AMG ne zalla, birkin gaba ma fistin shida ne. Wani lokaci a dace a kasuwar Ladipo ta Legas ko Apo ta Abuja, in ba a dace ba sai an yi oda daga waje a jira makonni. To a makonnin nan da me za a kai yara makaranta? Motar nan dokin hawan sallah ce, sayensa ne mai sauƙi, harawa da dusa da kanwa na shekara su ne aikin, kuma ba a zuwa gona dashi. In zata zama ta biyu a gidanka kuma bayan ka biya akwai kuɗi mai kauri a ajiye don ita kaɗai, bismillah. In sai ka sayar da Camry ka kwashe ajiya, ni ban baka shawara ba.

MaiMustang ya rubuta:

Oga bakanike duk abin da ka faɗa gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba, amma ina so a yi wa bawan Allah nan adalci, don a zauren nan duk wanda yace yana son abu don jin daɗinsa sai a taru a kansa kamar ya yi saɓo. Mutum ya nemi halak ɗinsa, ya gina gida, iyalinsa basu rasa komai ba, in ransa na son V8 ba laifi bane.

Ɗan uwa ni Mustang GT nake da ita, 2016, injin 5.0 doki 435, a Abuja nake. Wanda yace maka ta fi haƙuri bai yi ƙarya ba ta fuskar mai, Ford da kansu sun yarda a zuba mata 87 na Amurka wanda shine kusan namu na gidan mai, illa dai bata bada cikakken ƙarfinta sai da mai kyau. Injin bashi da tarkace da yawa, kayansa sun fi na AMG araha nesa ba kusa ba duk da su ma odarsu ake. Daɗin kuma wallahi akwai shi, ranar Asabar bayan asuba kafin gari ya tashi in na hau titin filin jirgi na sauke gilas, ko gudun 100 ban wuce ba, ƙarar nan kaɗai da yadda take amsawa da ka ɗan taɓa totur ya ishe ni, duk gajiyar sati sai in ji ta sauka. Wanda baya son mota bazai gane ba kuma ba sai ya gane ba.

Sai dai ga abin da dila bazai gaya maka ba. Ƙofa biyu ce, kujerar baya sai dai yara ƙanana su ma da ƙyar, Hajiya bazata iya shiga ba, don haka ga mai iyali ma C63 ɗin ta fi ta. Ni ina da tsohuwar Corolla, ita nake hawa Litinin zuwa Juma'a, ita nake tafiya gida da ita, Mustang bata taɓa bin hanyar Kaduna ba kuma bana niyya, don mota ce da tun daga nesa take sanar da zuwanka kuma halin da ake ciki na tsaro kowa ya sani. Ko a cikin gari a shingen bincike kai za a fara cewa faka. Mai faci, mai wanki, mai gyaran AC, kowa farashinka daban. 'Yan uwa kuma daga ranar da suka ji ƙarar a ƙofar gida lissafin da suke maka ya canza, wanda da zai nemi dubu goma yanzu ɗari zai nema, in kace babu ba mai yarda. A Kano da kowa ya san kowa ina ga abin sai ya fi haka, kai ɗan kasuwa ne ka san yadda magana ke yawo a layi, har masu baka kaya bashi sai sun sake kallonka.

Sannan inshora, irin motar nan ba a hawanta da ta 15,000 ɗin nan da ake yi don takarda, cikakkiya ake yi mata, ita kuma tun 2023 ƙa'idar bata yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin motar duk shekara, ka lissafa da kanka. Ranar sayarwa kuma nan ne zaka san bambanci, Camry ko Corolla ka kai bakin titi da safe kafin la'asar an taya, wannan kuwa masu sonta da yawa masu saya kaɗan, sai ta yi watanni ana zuwa ana ɗaukar hoto da ita. Duk da haka ni ban yi nadama ba ko na rana ɗaya, kuma dalilin kenan da nake ce maka ka saya, amma ka bar Camry a gida.

Dan_Houston ya rubuta:

Salam. Ni a Texas nake kuma turo motoci gida yana cikin abin da nake yi, so bari in tabo bangaren da ba a tabo ba, wato ita wannan motar ta wajen dilan ita kanta.

Malam kafin komai ka karbi VIN dinta, wato lambar shasi, harufa da lambobi 17 ne, yana kasan gilashin gaba bangaren direba da jikin kofa, ka tabbatar duk iri daya ne, sannan ka biya a ciro maka rahoton Carfax mai nuna tarihin motar, ka kuma saka lambar a Google haka kawai, sau da yawa hotunan ranar da aka yi gwanjonta zasu fito. Mafi yawan motocin da ake kawowa gida daga gwanjon Copart da IAAI suke, na inshora ne, wato an buga ko ruwa ya ci ko an sace an gano. Ba duka ne marasa kyau ba, wata dan bugu ne a gefe a gyara ta koma garau. Amma mota irin C63 ka tambayi kanka wa ke hawanta a nan bayan ta shekara goma, yawanci samari ne hannu na uku ko na hudu, a taba kwamfutar a kara mata karfi, a cire indomi, wato matatar hayakin da ke jikin salansa, don kara, a rika kona taya a fakin da daddare, ranar da ta kwace ta daki wani abu sai gwanjo sai jirgin ruwa. Tana isa Legas a buga mata fenti a dinke sitiyari a rufe wajen eyabag, a juya milej, ta iso Kano tana kyalli.

Ta ruwa ita ce mafi sharri. Guguwar Harvey da ta yi mana ambaliya a Houston a 2017 motoci dubu daruruwa ta cinye, Ian ma a Florida a 2022 haka, kuma da yawansu kasashenmu suka nufa. Benz da ruwa ya shiga wayoyinta bata warkewa, yau wannan fitila gobe waccan. Ka daga kafet ka shinshina, ka leka karfen da kujera ke gudu a kai ko akwai tsatsa, ka ja bel har karshe ka ga ko akwai shatin ruwa, ka duba ramin safaya taya.

Sai takardu, kuma nan ne maganar dilan ta dan tsaya min. Dokar kwastam ta hana shigo da motar da ta wuce shekara 12 da kerawa, kuma tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar kasa, sai ta tashar ruwa. To motar 2012 da aka ce yanzu aka sauke ta ko lamba babu, ta ina ta shigo, yaushe, kuma da wace shekara aka rubuta ta a takardar duti? Watakila ta dade da shigowa tana ajiye, watakila kuma an hau ta a Legas an cire lamba an wanke ta an ce Beljiyam. Kar ka yarda da fotokwafi, ka dauki takardun da kanka ka je ofishin kwastam a duba maka a kwamfuta cewa VIN din da ke jiki shi aka biya wa duti kuma an biya cikakke. In ba haka ba wata rana a hanya za a karbe ta kuma dila bazai dawo maka da ko sisi ba. Dilan kirki baya jin haushin wannan binciken, in ka ga ya fara cewa akwai wani Alhaji da zai zo da kudi gobe, ka bar wa Alhajin.

Nas_Zazzau ta rubuta:

Yaya Na Hotoro ka yi haƙuri in sa baki duk da ban san inji ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren da ake kawo 'yan haɗari nake aiki, kuma tunda aka gyara hanyar Kano zuwa Zariya ta yi santsi irin raunukan da muke gani sun canza, da ramuka ne ke kayar da mota, yanzu gudu ne.

Kowa a nan yana maganar kuɗi, ni abin da nake so ka tambayi kanka shine a ina zaka taka ta. Ƙa'idar Road Safety ga ƙaramar mota 100 ne a babban titi mai hannu biyu, 50 a cikin gari, motar da kake magana an ce min sai ta kai 250 kafin kwamfuta ta riƙe ta. Kuma babu wanda zai sayi irin wannan yace bazai taɓa gwadawa ba, zuciya ce. A gudun 100 duk daƙiƙa ɗaya kana cin mita kusan 28, a 200 kusan 56, nisan da birki ke buƙata kuma ba biyu yake zama ba, huɗu yake zama. Hanyar nan ta ratsa Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, ga masu talla suna tsallakawa, ga shanu, ga ɗan acaɓa da ya biyo hannun da ba nasa ba da mace da goyo a baya, ga tirela ta mutu da daddare babu fitila sai ganye da aka zuba. Motarka tana da eyabag ta ko'ina, su basu da komai. Na riƙe hannun uwa a bakin ƙofar tiyata wadda ɗanta rake kawai ya fita sayarwa, shi yasa bana iya yin shiru.

Kuma ko kai mai natsuwa ne, mukullin fa? Ƙanenka zai roƙa, abokin ango zai roƙa ranar ɗaurin aure, ka san yadda samari ke juya motoci a wajen biki mutane sun yi da'ira suna ihu. In Allah ya nufa ka saya dan Allah ka yi wa kanka alkawari babu aro, babu kashe na'urar nan da ke hana ta zamewa, yara kuma a baya da bel kullum. Allah ya tsare mu baki ɗaya.

Dattijon_Fagge ya rubuta:

Ɗana, ga wata hanya ta tsakiya. Ka duba Lexus IS 350 ko GS 350, V6 ne 3.5 doki sama da 300, su ma baya suke ja, ninki biyu na abin da kake hawa yanzu. Injin dangin na Camry V6 da RX 350 ne, bakaniken Toyota na kirki a Kano zai iya da ita kuma baka jiran jirgi kafin ka sami yawancin kayanta. Na san ba ita ce a ranka ba kuma ƙarar ba ɗaya ba ce. Amma ka fara sanin yadda mota mai jan baya take yi a kan yashi da ruwan sama tukuna. Ka yi istihara, ka kuma sake zama da maiɗakinka ka gaya mata lissafin man da na gyaran gaba ɗaya, ba maganar ƙofa huɗu kaɗai ba, don ita zata zauna da abin tare da kai.

Na_Hotoro ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, wallahi na karanta kowanne sau biyu. Baba na Fagge na ji kuma daren jiya mun zauna da ita na karanta mata duka. Malama nas Allah ya saka, maganarki ta shige ni, alkawarin aro kuma na ɗauka tun yanzu ko wace mota ce.

Abin da na tsayar shine Camry bazata fita daga gidan nan ba. Hakan na nufin kuɗina bai kai ba a yanzu, sai dai in dilan zai sauko sosai ko in ƙara haƙuri zuwa bayan sallah in ga yadda kasuwa ta yi, in an sayar kafin nan to ba rabona bace wata zata zo. Son motar dai yana nan ban fasa ba. Na kira shi na nemi VIN yace in zo in ɗauka da kaina babu matsala, takardun duti kuma wai suna wajen yaronsa a Legas za a turo. Oga bakanike in naje me zan duba da kaina kafin in kai ga ɗauko mai kwamfuta?

Bakaniken_Benz ya rubuta:

Madalla, haka ake yi. Kaje da sassafe ba tare da ka gaya masa lokaci ba, ka fara ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyinsa, don in an riga an ɗuma ta ƙarar tafet ɓuya take. A tada ta bonet a buɗe kai kana tsaye a gaba, ɗan tak-tak na daƙiƙa biyu uku ba komai, wanda ya ƙi ɗaukewa shine matsala. Kafin a tada ka kunna mukulli ka ga duk fitilun dashbod sun kawo har da ta eyabag da ta inji sannan su ɗauke bayan ta tashi, in wata bata kawo ba sam to cire ta aka yi. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ko akwai kumfa mai ruwan madara, ka duba robar ruwan lagireto ko ya sauka, ka sa wani ya tsaya a baya ya ga ko farin hayaƙi na ci gaba da fita bayan ta yi zafi. Ka shafa faifan birki da yatsa, in bakinsa ya yi gaɓa to canji ya zo kuma ka cire kuɗinsa daga ciniki. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, ka karanta. Ta 2012 giyarta otomatik ce irin ta AMG da ake kira MCT, a tafiyar hankali cikin layi ka ji ko tana fizga in zata tashi.

In duk wannan ya yi, sai a ɗaga ta sama a ga ƙasanta, a kuma saka mata kwamfutar Benz ta ainihi wato Star, ba ƙaramar nan ta hannu ba, ita ce zata nuna milej ɗin da ke cikin sauran kwamfutocin motar ko ya yi daidai da na dashbod. Kar ka bada ko kafin alƙalami sai takardun nan sun iso daga Legas ka kai an duba. Ka ɗauko hoton VIN da lambar injin ka turo min ta inbox, in na buɗe gareji zan duba maka maganar kusoshin hed.